Fuskar Hajiya a Kwandon Shara

Har yanzu in na ji ƙarar awarwaron zinari a bakin ƙofar shagonmu, sai in waiwayi ƙofar baya. Abin bai daɗe da faruwa ba. Mahaifiyata ta ce in daina maganarsa, wai ya wuce. A wurinta ya wuce, tunda ba ita ke zama a kan kujerar nan kullum ba.

Shagon hoto ne na kawuna, ƙanen mahaifiyata, a unguwar Nima da ke Accra, tsakanin mai sayar da shinkafa da wake da wani tela. Da na gama sakandare ba a samu halin ci gaba ba, sai ya ce in zo in riƙa zama gaban kwamfuta tunda idona da sauran ƙarfi. Shi yana ɗauka, ni ina gyarawa.

Gyara a shagonmu ba ɗan share ƙurji ba ne. Hajiya za ta zo cikin yayin biki, atamfar da duk matan ƙungiya suka ɗinka iri ɗaya, a ɗauke ta, sannan ta jawo kujera ta manne da ni har turarenta ya hana ni numfashi.

"'Yata, haska ni kaɗan."

In haska.

"Ƙara. Kina jin tsoron wutar ne? Wuyan nan kuma ba nawa ba ne, kyamarar kawunki ce ke ninka mutum. Rage shi. Sarƙar ma ki sa ta yi walƙiya, kar a ce a bakin titi na saya."

Kafin a gama, sai wata mace ta fito a allon, wadda ko mijin Hajiya ya gamu da ita a hanya zai gaishe ta da ladabi ya tambaye ta gidan wa take nema.

Bayan gyara akwai abin da ya fi gyaran muhimmanci. Babu wadda za ta tashi daga kujerar sai ta ga an goge na asalin da idonta. Wannan aikin Kawu ba ya bar mini. Da kansa yake zuwa, ya gyara zaman hula, ya kama hoton da maus ya ja shi a hankali kamar mai raka baƙo, har kan ɗan kwandon sharar da ke kusurwar allo, ya saki, ya kakkaɓe hannu.

"Ya tafi, Hajiya."

"Alhamdu lillahi. Shi ya sa ba ma zuwa wani wuri."

Abin da ba su sani ba shi ne, duk abin da aka jefa a kwandon nan yana nan kwance lafiya lau, sai ranar da aka ce a kwashe shi. Mu kuwa ba mu taɓa kwashewa ba. Kawu ya sa an faɗaɗa kwandon iya faɗaɗuwarsa, an kuma hana kwamfutar zubar da shi da kanta. Dalilinsa, kowace Hajiya tana dawowa. Za ta zo ta ce kishi ya sa ake cewa ta koma Baturiya, a ɗan mayar mata da launi. Hoton da aka riga aka wanke fes ba ya karɓar gyara mai kyau, sai an koma tushe. Kawu zai dubi rufi, ya ce aiki ne mai wuya amma ta dawo gobe. Tana fita zan shiga shara in ɗauko ta. Washegari a yi ta sa wa hannunsa albarka.

Na taɓa tambayarsa ko wannan ba yaudara ba ce. Ya ce shi amana yake ajiye musu, su ne ba su san darajar fuskokinsu ba. Yana faɗa yana duba ko akwai mai jin mu.

Tsohon faifan ajiyar kwamfutarmu irin mai juyawa ne, babba, ga sanyin jiki. In na buɗe hoton biki, ina iya zuwa in sayo koko da ƙosai in dawo in same shi yana tunani. Da ya fara wata ƙara, ƙas, ƙas, kamar agogon bango, Kawu ya kai wa wani mai gyara a unguwar Kokomlemle, aka sa mana sabon faifai da ake kira SSD. Ɗan abu ne shafal, bai kai tafin hannuna ba, ba ya juyi ba ya ƙara. Kafin in ɗage yatsa hoto ya buɗe. Sai dai Kawu mai ƙaramin fili ya zaɓa, ya kuma ce a kwaso komai na tsohon a zuba, har da kwandon.

Mai gyaran ya dube shi. "Alhaji, za ka tare a sabon ɗaki, kuma da bolar tsohon gida za ka shiga?"

"Kai dai zuba."

Da za mu tafi, mutumin ya ja ni gefe ya ce abu biyu zan riƙe. Kar in bari ya cika maƙil, domin manhajar gyaran hoto sai da fili take aiki, kamar mai tuƙa tuwo da ke buƙatar wurin juya muciya. Na biyu, a tsohon faifan in an kwashe shara bisa kuskure ana iya tono wani abu, amma wannan yana share bayansa da kansa. "In ya tafi ya tafi. Kar ki kawo mini shi kina kuka."

Tun daga ranar aikina ya zama gadin wani ɗan layi da ke nuna yawan filin da ya rage. In shuɗi ne, lafiya. Namu kullum ja ne. Kowace safiya sai na nemi abin da zan yanka kafin in fara aiki. Maza na fara gogewa, domin namiji in ya karɓi hotonsa ba ya dawowa ko da kunnensa ɗaya bai fito ba. Na bi da bidiyon wa'azin da Kawu ya tara bai taɓa kallo ba. Na roƙe shi ya sayo faifan waje mu kwashe Hajiyoyin mu zuba a ciki. Ya ce abin da kowa zai iya sawa a aljihu ya fita da shi? In rufa masa asiri.

Ana haka wata Hajiya ta Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, ta rasu, mai sayar da atamfa, tsohuwar kwastomarmu, wadda ta fi kowa tsanani wajen gyara. 'Yarta ɗaya ce, tana aikin jinya a Amurka, ba ta samu jana'iza ba. Ta iso ne don addu'ar arba'in. A wurinmu ana buga babban hoton mamaci a rataye a bakin rumfar da za a yi addu'a, kuma mai makoki ba ta zuwa irin wannan saƙo ita kaɗai. Matan ƙungiyar uwarta ne suka rako ta, Magajiya a gaba. Magajiya ita ce shugabar matan unguwa, macen da in ta yi tari a Nima ake yi mata sannu a Mamobi.

Kawu ya hango su tun daga nesa.

"Af, na manta. Babur ɗina yana buƙatar wani ƙarfe a kasuwar Abossey Okai."

"Kawu, babur ɗinka lafiyarsa ƙalau."

"Shi ya sa zan je tun bai lalace ba."

Ta ƙofar baya ya fita.

Suka cika shagon. Aka yi gaisuwa, na yi ta'aziyya, na buɗe duk hotunan marigayiya da muka gyara. 'Yar ta sunkuyo tana kallo, ina wucewa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan wace ce?"

"Uwarki mana," in ji Magajiya. "Dubi yadda ta fito."

"Mama ba ta da wannan hancin." Ta ciro wayarta ta nuna mini wasu, duk fuska sumul kamar kwanon tangaran. "Ƙanwata, na yi shekaru ban gan ta ido da ido ba. Ko a waya sai ta kunna abin nan da ke goge fuska kafin ta ɗauka. Ni fuskar da ta raine ni nake so in gani. Babu na asali ko ɗaya?"

Magajiya ce ta amsa, da alfahari. "Babu. Nan gidan amana ne. A gaban idonmu ake gogewa."

Sauran suka gyaɗa kai. Ni na kafa ido a kan maus. Na san marigayiya tana cikin kwandon, ni na sha ɗauko ta in mayar. Na kuma san babu ita a wani wuri a duniya, domin katin kyamara goge shi ake yi bayan kowane biki. Amma in na buɗe baki, ba ita kaɗai zan tono ba. Duk wadda ke tsaye a kaina tana ciki. Sai na yanke a raina zan yi shiru, su tafi, gobe in nemi 'yar a ɓoye in ba ta uwarta. Dabara ce mai kyau, har na fara jin numfashina yana dawowa.

Suka zaɓi ɗaya daga cikin gyararrun, wanda hancin bai yi tsini sosai ba, aka ce in ƙara masa girma. Na danna. Manhajar ta ƙi buɗewa, ta ce babu fili. Na sake dannawa. Layin nan ya yi ja har ƙarshe.

Cikin matan akwai wata Anti mai shagon wayoyi a kasuwar Sakul, wadda take ganin duk abin da ke da allo ɗanta ne.

"Wannan ai ba komai ba ne. Shara ce ta cika. Kullum nake yi wa mutane. Matsa, 'yan mata."

Kafin in ce wani abu ta ture ni da ƙugu ta karɓe maus. Na ga kibiyar ta hau kan kwandon. Na ga ta sauka kan kalmar kwashewa. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunta ba, awarwaronta suka yi ƙara, na ji wata murya tana ihu, "Kar ki taɓa!" Ashe tawa ce.

Shagon ya yi tsit, har ana jin keken telan maƙwabcinmu.

"Ke yarinya," in ji Magajiya a hankali, "me ke cikin shara da ake yi wa ihu haka?"

Na saki hannun Antin.

"Buɗe."

Na buɗe. Suka zubo allon layi layi, ƙananan fuskoki, ba iyaka. Hoda ta tsage da gumi. Ido ɗaya a rufe. Wuya mai hawa hawa. Wata an kama ta tana gyara ɗaurin ɗankwali, baki a buɗe. Duk manyan matan Nima da Mamobi, yadda Allah Ya yi su.

"Ei, asem aba!" wata ta faɗa da yaren Twi, ta dafe ƙirji. Masifa kam ta zo.

"Hajiya, ba ke ce waccan ba?"

"Ni? Ƙanwata ce ta Kumasi."

"Ƙanwarki ta aro sarƙarki, ta aro har haƙorin Makkanki?"

"Ke da kike magana, ga ki can a ƙasa kamar an tashe ki daga barci a kasuwa."

Wasu sun fara dariya, irin wadda ake yi ana neman wanda za a mara. Magajiya ba ta yi ba. Ni ta duba.

"Kawunki zai dawo ya same ni. Yanzu kwashe. Duka."

Sai 'yar marigayiya ta shiga tsakaninmu. "Mama tana ciki?"

Na gyaɗa kai. Na ce in aka kwashe yanzu ba mai iya dawo da ita, irin wannan faifan ba ya ajiye sawu. Na ce hotunan ba su da suna sai lambar kyamara, dole in bi su ɗaya ɗaya.

"Wato sai kin bi ta kan fuskokinmu duka," in ji Magajiya.

"Hajiya, don Allah," in ji 'yar.

Magajiya ta juya zobenta. Sannan ta yanke hukunci. A rufe ƙofar shago. Kowa ta juya ta fuskanci bango. Daga ni sai mai makoki za mu kalli allo, kuma abin da muka gani mu tafi da shi kabari.

Haka aka yi. Manyan mata suka jeru sun ba ni baya, suna kallon labulen da muke ɗaukar hoto a gabansa, mai zanen gidan bene da ƙorama. Antin wayoyi ta ɗaga wayarta a hankali tana son leƙe ta madubinta, Magajiya ta buge mata hannu ba tare da ta waiwaya ba.

Na fara gangarawa. Yatsana yana zamewa saboda gumi.

"Laa, Anti!" 'yar ta faɗa ba ta shirya ba.

"Wace Antin?" suka tambaya baki ɗaya.

"Babu, babu."

Can sai ga Magajiya kanta, ranar wani suna, rana ta buge ta, tana hararar kyamara. Na murza da gudu. Magajiya ta yi gyaran murya.

"Kin wuce wani da sauri. Na ji ƙarar abin. Na waye?"

"Na wani namiji ne, Hajiya."

'Yar ta toshe bakinta da gyale, kafaɗunta suna rawa. Ina tsammanin tun da ta sauka Accra ba ta yi dariya ba sai lokacin. Ni ban ga abin dariya ba, addu'a nake yi.

Sai na ji ta daina motsi. Ta ɗora yatsa a kan allo. Wata dattijuwa ce baƙa, cikin koriyar atamfa, tana shirin yi wa mai kyamara faɗa.

Na danna a mayar da ita. Ta ɓace daga kwandon.

"An samu?" Magajiya ta juyo. "To. Ba ni abin nan." Ta ce da yatsanta za a yi, ba ta sake yarda da hannun gidanmu ba. Na ɗora mata hannu a kan maus. Kwamfutar ta tambaya ko an tabbata.

"Gaya mata na tabbata."

Ta danna. Aka ji ƙara kamar an murƙushe takarda, ƙarar da ban taɓa ji a shagon nan ba. Layin ja ya ja da baya ya zama shuɗi, fili fetal. Matan suka sauke ajiyar zuciya.

"Ina Mama?" in ji 'yar.

Na dubi allon. Babu ita.

Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba. Kalmar mayarwa da kalmar gogewa kusa suke da juna, yatsana kuma zamewa yake yi lokacin. Na kasa tuna wadda na taɓa. Na kasa tuna ko kwamfutar ta tambaye ni wani abu. Na buɗe kwandon, fari fat. 'Yar tana kallona, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da ƙyar na tuna cewa abin da aka mayar ba gaban allo yake zuwa ba, inda aka ɗauko shi yake komawa. Wato tana cikin foldar bikin da aka ɗauke ta, in har mayarwar na danna. Foldojin Kawu kuwa sunansu sabo, sabo sabo, sabo na gaske, na jiya. Na ce ban san wane biki ba ne, ban san wace shekara ba.

"Me ta saka?" in ji Magajiya.

"Koriyar atamfa, mai zanen fanka."

Nan take shagon ya ɗauka.

"Kore mai fanka ai yayin bikin 'yar mahaucin Sabon Zongo ne."

"A'a, wancan mai makulli ne. Mai fanka na walimar Makka ne."

"Ke rufe baki, walimar Makka ruwan ƙasa muka saka, ke ce ma kika zo da ɗinkin da bai dace ba. Mai fanka bikin mahauci ne, bayan Babbar Sallah, shekarar da ruwa ya cika babban kwalbati."

Matan nan ba sa tuna shekara da lamba, da atamfa suke tunawa, kuma ba sa kuskure. Na jera foldojin bisa kwanan wata, na gangara zuwa bayan waccan Sallar. Na buɗe ta farko, ruwan ƙasa. Na buɗe ta gaba, kore ko'ina, fuskoki sumul sumul. A can ƙarshe, ita kaɗai baƙa a cikinsu, tana shirin faɗa.

Na buɗe ta ta cika allon. Sai a lokacin na ga hawaye na ɗiga a kan hannuna.

'Yar ta durƙusa a gaban teburin. "Ita ce," ta ce. "Ita ce." Ta hana ni taɓa komai, ko ƙwayar gumi ɗaya.

Antin wayoyi ta ce ai ba za a rataye wannan a gaban duk jama'ar Zongo ba, ko don mutuncin mamaciya a ɗan haska. Wasu suka goyi bayanta. Aka juya ana jiran Magajiya.

Ta matso ta sunkuya, ta daɗe tana kallo. A gefen haɓar marigayiya akwai wani ɗan tabo, wanda ni da hannuna na sha gogewa.

"Man ƙosai ne," in ji ta. "Muna 'yan mata, a ƙofar gidansu. Ni na jefa ƙullun da ƙarfi." Ta goge ido da bakin gyale, ta miƙe. "A buga shi haka."

Na aika hoton firinta, manhajar tana gudu kamar ba ita ba.

Da za su fita, Magajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta yafito ni. Na je. Ta kama haɓata da yatsu biyu ta ɗaga, har na ga kaina a cikin tabaranta.

"Wannan uwarta ce, ita ta zaɓa. Ni ranar tawa, wanda aka gyara za a rataye. Mai shuɗin leshi, wanda kika rage wuyan. In na ga wani daban, ke zan fara zuwa wa. Kin ji ni?"

Na ce na ji.